Igwa Ɗari da Ashirin a Ɗakin Ɗinkina

Talata, 11 ga Yuni, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Na dawo daga asibiti a Hobart. Awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa, don kawai in zauna minti arba'in a gaban mijina yana kallon tagar da ba ta buɗuwa. Yau kwana ashirin da uku ke nan Warrick bai ce uffan ba, ba da ni ba, ba da likita ba, ba da kowa ba. Abinci yana ci. Wanka yana yi in an ce ya yi. Bakin ne dai ya rufe ruf. Wanda ya ce shiru ma magana ce, a ba shi aron Warrick na mako ɗaya ya gani.

Likitar, wata yarinya da na tabbata na girmi uwarta, ta ce, "Noelene, ki riƙa kawo masa labarin abin da yake so." Na kai masa labarin karenmu Nugget. Na kai na itacen tuffa da iska ta karya a bayan gida. Na karanta masa sakamakon ƙwallo, ƙungiyarsa ma ce ta ci. Ko gira bai ɗaga ba. Shekara talatin da ɗaya da aure, yau an tambaye ni abin da mijina yake so na tsaya ina inda-inda.

Ita ce ta ce in riƙa rubutu a littafi, wai zai rage min nauyi. To ga shi ina yi. Ba zan rubuta abin da ya faru a kejin kifi na tara ba, ba kuma zan rubuta yadda na same shi a rumfar mota ba. Ni dai so nake ya yi magana.

Alhamis, 13 ga Yuni, ƙarfe goma na safe

Wani abu yana ta ƙara a ɗakin ɗinkina, ting, ting, tun jiya. Ɗakin ɗinkina nake cewa, amma shekara shida ke nan da aka mayar da kekena kusurwa aka kafa wa kwamfuta fada. Na shiga don in kashe ta. Lambar sirrin tana manne a ƙarƙashin madannai, da rubutunsa na kaza.

Sai ga ta a allo. Wani ƙaton jirgin ruwan yaƙi irin na da can, na katako, mai ginshiƙai uku da filafilai, manyan zannuwan nan da iska ke turawa. Hawa uku na igwa a kowane gefe, ɗari da ashirin duka. Wata takwas ya yi yana haɗa ta a cikin wasan kwamfutar da yake bugawa, yana tara katako da ƙarfe na ƙarya, ni kuwa matakalar ƙofar baya tun bara take lilo. Ya sa mata suna Beryl, sunan uwata, wai faɗin ƙugunsu ɗaya, kuma duk cikinsu ba mai juyawa in ta miƙi hanya. Inna ta rasu ba ta sani ba, da ta sani da ta fasa masa kai da tukunya.

Saƙonni ne ke ƙarar. Abokan wasansa. Tipene, shugaban rundunarsu, malamin makaranta ne a Napier. Sai Shuɗi, tsohon direban bas a Geelong, wanda ake kira haka don tsokana, saboda gashinsa ja ne. Muryoyinsu na sani ta bango, na fi sanin dariyarsu ma a kan ta mijina.

Tipene ya rubuta wa Warrick, da sunan da suke kiransa: "Wazza, ina ka shige? Rundunar Jamusawa ta sa ranar kai wa tasharmu Mariska hari, bakwai ga wata mai zuwa. Beryl tana ciki. In tashar ta faɗi sun kwashe ta."

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na rubuta, "Makirfona ya lalace."

Shuɗi ya amsa nan take: "Kai, Allah ya karɓi addu'armu. Kada ka gyara shi, tsohon banza."

Shi ke nan. Mutum ya ɓace kusan wata guda, abin da ya samu ke nan. Ba wanda ya ce lafiya kuwa.

Juma'a, 14 ga Yuni, azahar

Ban shiga ba. Wasan yara ne.

Lahadi, 16 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Na shiga.

Turawan can ne ke sa lokacin yaƙi da yammacinsu, mu kuma nan ya faɗo mana da shida na safe. Na hura murhu, na sa rigar sanyin Warrick, na zauna da shayi. Atisaye suka fita, na bi su a baya kamar na san abin da nake yi.

Minti goma ban kai ba na jawo wa kaina abin kunya. Na ga sun karkata hagu, ni ma na danna hagu, na tura hancin Beryl kai tsaye cikin iska. Ta yi rabin juyi ta tsaya cak, filafilai suna ta fal-fal, daga nan ma ta fara tafiya da baya. Na danna duk abin da ke dannuwa. A banza.

Shuɗi ya fashe da dariya a kunnena. "Jama'a ku zo ku ga Wazza yana fakin! Kai, ni da na yi shekara talatin ina tuƙa bas ban taɓa ganin ribas mai kyan wannan ba. In sauko in duba maka baya?"

Tipene dai bai yi dariya ba. A hankali ya ce, "Ɗan'uwa, ka manta ne? Babban jirgi ba ya ratsa iska da akala kaɗai. Karkatar da filafilan gaba ɓangare ɗaya, na baya ɗaya ɓangaren, iskar ce za ta juya maka ita. In kuwa akwai fili, ba iska baya ka zagayo. Ya fi nisa, amma za ka isa."

Na yi yadda ya ce. Ta juyo, a hankali, tana nishi. Ban so ba, amma na ji daɗi, kuma na ji haushin jin daɗin.

Talata, 18 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

An karɓe min jakar leda a ƙofa kamar kullum. Na zauna. Labarin kare ya ƙare, na sanyi ya ƙare. Da na rasa abin faɗi sai na ce, "Na ga Beryl ɗinka."

Idonsa ya bar taga. Ya sauko kan hannuwana, ya tsaya kamar ƙidayar uku, ya koma. Bai yi magana ba. Amma wata guda ina zuba masa labarin gidanmu ban samu ko wannan ba.

A hanya na tsaya a Huonville na zauna cikin mota ina huci. Wato ni da na wanke masa kayan ƙarnin kifi shekara da shekaru ban kai a kalle ni ba, sai jirgin katakon da ko katakon ma babu. To, na ji. In Beryl ce za ta buɗe bakin, da Beryl za a buɗe shi. Zan riƙe masa ita har bakwai ga wata, in kai masa labarin nasara in gani ko zai iya haɗiye wannan ma.

Laraba, 19 ga Yuni, ƙarfe uku na rana

Na hango Shona, matar marigayi Kelvin, abokin aikin Warrick a kejin kifi, a kanti wajen firij ɗin madara. Ta rame. Har yanzu da motarsa take yawo, takalman robarsa suna baya. Na ajiye kwandona a layin sabulu na fita ba tare da na sayi komai ba.

Da na iso gida na tarar da tukunyar miyar kabewa a bakin ƙofa, an kuma faskara min itace an jera. Ba takarda, ba suna. Haka garin nan yake. Za su cika maka ciki, su cika maka murhu, amma ba mai ƙwanƙwasa ƙofa ya zauna ya ce yaya kike.

Asabar, 22 ga Yuni, ƙarfe takwas da rabi na safe

Kullum da asuba ina ciki yanzu. Bari in rubuta abin da na koya kada ya zube.

Beryl ba ta bin kowa. Ƙananan jiragen nan masu sauri za su zo su tsokane ka, su harba su ruga, so suke ka bi su ka bar layi. Ka bi su, biyu su zagayo ta bayanka, kuma bayan nan shi ne lagonta, tagogi ne kawai, harbi ɗaya sai ya ratsa ta tun daga gindi har goshi. Sai ka tsaya a layi ka bar su su gaji.

Ba a ba maƙiyi gefe sosai sai lokacin harbi. In yana shirin sakin wuta, ka ɗan karkace, dalma ta zame a jikin katako ta faɗa ruwa. Ya gama, ka miƙe ka ba shi naka. Kuma ba a harbi daga nesa. Ɗurin igwoyinta ya fi minti ɗaya, in ka zubar a ruwa ka zauna hannu rabbana. Sai ya matso har kana ganin mutane a kansa.

Sai kuma namu na mutanen ƙasan duniya. Uwar na'urar wasan a Turai take, duk abin da muka danna sai ya je can ya dawo. Baturen yana danna nasa ya faru, mu namu sai ya makara. Tipene ya ce shi ya sa 'yan nan suka fi kowa iya manyan jirage, mun saba ba da umarni tun kafin abin ya zo. "Danna kafin ka ga dalili," in ji shi. "In ka jira har ka gani, ka makara."

Na daɗe ina kallon wannan maganar. Watan Mayu duk na ga ya daina cin abinci tare da ni, na ce a raina zai wuce.

Yau na nutsar da jirgi na farko. Na rubuta musu, "Na gode da kuka tsare min baya."

Talata, 25 ga Yuni, yamma

Na ce masa Beryl tana nan lafiya. Ya kalli hannuna, ya koma taga. Na kaɗe walabi, dabbar dajin nan mai tsalle, da mota a hanyar dawowa, ban tsaya ba.

Alhamis, 27 ga Yuni, ƙarfe sha ɗaya na safe

Wasiƙa ta zo mai tambarin gwamnati, sun sa ranar zaman binciken mutuwar Kelvin a watan Satumba, suna son shi a matsayin wanda ke riƙe da injin a ranar. Na tura ta ƙarƙashin kwanon tuffa.

Ba wasiƙar ce ta ɓata min rai ba. A cikin wasan akwai wurin da ake ganin tafiye-tafiyen jirgi na baya. Na yi ta ja har na kai washegarin ranar keji na tara. Na tuna safiyar sarai. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin nan da shayi a hannu, na ce, "Waz, ka yi min magana," ya ce ya gaji, ya tura ƙofa. Ashe fita ya yi da Beryl. Awa huɗu a teku, ba harbi ko ɗaya, ya miƙe kawai yana tafiya.

Ni ina falo ina sauraron agogo, shi yana nan yana yawon shan iska. Yau na tsane shi, na rubuta ne don gaskiya ce.

Asabar, 29 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Asiri ya tonu, kuma ashe ni kaɗai ce ban san ya daɗe da tonuwa ba.

Muna tsakiyar artabu, wani ya kusa zagayo ni, Tipene ya yi ihu, "Anti, bayanki! Karkace!"

Na karkace, mun gama da shi. Na jawo makirfon, wanda lafiyarsa ƙalau, na kunna.

"Tun yaushe?" na ce.

Shuɗi ya yi gyaran murya. "To, uwargida, gaskiya tun ranar fakin muka fara zargi. Amma ranar da kika rubuta na gode muka tabbatar. Shekara shida muna tare da shegen nan, bai taɓa cewa na gode ba. Ga shi kuma kina sa aya a ƙarshen magana."

"Kuma ba wanda ya iya buɗe baki ya tambaye ni ina yake?"

"Mun ga kamar in kina son faɗa za ki faɗa," in ji Tipene.

"Ku maza duk kanwar ja ce," na ce. "Mutum zai mutu a gabanku kuna yi masa ba'a a kan hularsa."

Can Shuɗi ya ce, a hankali, ba irin muryarsa ba, "Yana raye dai ko?"

Na ce yana raye, yana Hobart, ba ya magana. Ban ƙara ba, ba su nema ba.

Sai na tambaye su safiyar nan ta awa huɗu. Tipene ya ce, "Mun ga labarin a waya, mun gane wurin aikinsa ne. Da ya fito bai gaishe mu ba. Sai muka fito da namu jiragen, ni a damansa, Shuɗi a hagu."

"Me ya ce muku?"

"Ba komai."

"Ku me kuka ce masa?"

"Ba komai, Anti. Mun dai jera da shi har ya koma."

Na kashe makirfon. Ban san ko in gode musu ba ko in zage su. Sun ba shi abin da yake so, kuma abin da yake so ɗin ne ya kai shi inda yake.

Talata, 2 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Kwana arba'in da huɗu. An yi masa aski, sun yanke masa da yawa a gefe.

Alhamis, 4 ga Yuli, ƙarfe takwas na safe

Tipene ya kira ni gefe, mu biyu. Ya ce Jamusawan za su zo da jirage ashirin, mu sha huɗu ne in kowa ya tashi daga barci. Ya ce akwai lokaci, zai raka ni mu fitar da Beryl zuwa wata tasha can kudu inda ba mai taɓa ta. A wasan nan jirgi in ya nutse ya tafi ke nan, ba a dawo da shi.

"In na fitar da ita, Mariska fa?" na ce.

"Za ta faɗi. Bakin tashar siriri ne, Beryl ce kaɗai ke da nauyin toshe shi. Amma jirginsa ne, Anti, ba namu ba. Ba wanda zai ga laifinki."

Na yi tunani. In je Hobart in ce masa me? Na ɓoye maka jirginka a bayan tsibiri, yana nan yana shan rana? Wannan ai labarin kare ne da itacen tuffa. Ba shi zai buɗe bakin Warrick ba.

Na ce za ta yi yaƙi. Da Shuɗi ya ji ya ce, "In ta nutse ni ban san ku ba. Zan ce ina asibiti ana cire min basir."

Asabar, 6 ga Yuli, magariba

Na gyara matakalar ƙofar baya da kaina. Ƙusa huɗu ce kawai.

Lahadi, 7 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Bari in rubuta tun da zafinsa.

Awa ɗaya da rabi ake yi. In lokaci ya cika ba su shiga cikin tashar ba, mu muka ci. Na fita tun da wuri, don Beryl sai an ba ta lokacinta, na kai ta bakin mashigar, tsakanin dutse da tudun yashi, na rage filafilai, na tsayar da ita a karkace. Tipene da sauran suka ja can waje don su raba musu hankali. Shuɗi ya tsaya a bayana da ɗan jirginsa.

Sun turo ƙananan su tsokane ni. Ban motsa ba. Sun zo sun yi ta rawa a gabana, Shuɗi yana cewa, "Ƙyale 'yan iska, uwargida, ƙyale su." Da suka gaji sai manyan suka taho a layi. Na farkon ya saki wuta daga nesa, na karkace, rabin dalmarsa ta zube a ruwa. Na bar shi ya matso. Ya matso. Na danna tun kafin hancinsa ya shigo inda nake so, ya kuwa shigo daidai, igwa sittin a lokaci ɗaya. Ginshiƙinsa na tsakiya ya faɗo, ya toshe wa na bayansa hanya. Na ji kaina ina ihu ni kaɗai a gida, har Nugget ya gudu ƙarƙashin gado.

Biyu na nutsar. Na uku ya ja da baya yana cin wuta. Amma su ma ba su zo da wasa ba, sun gane ni ce ƙofar, suka taru min su biyar. Kayan gyara suka ƙare. Ruwa ya fara shiga.

Saura minti tara Tipene ya ce, "Anti, fita yanzu. Iska tana bayanki, in kika saki filafilai za ki tsira da ita."

"In na fita su shiga?"

"Su shiga. Fita."

Na duba agogo, na duba ruwan da ke cikinta. Na san ba za ta kai ba, na kuma san ko gangar jikinta ce ta rage a mashigar nan, sai sun ɓata lokaci kafin su wuce. Na ce, "Ba inda za ni."

Ta kai minti takwas. Ta kwanta a gefe a hankali, ginshiƙai suka shige ruwa, allon ya mayar da ni tasha ba jirgi. Suka kutso, amma kafin na farkonsu ya isa ciki lokaci ya cika. Mariska tana hannunmu.

Ba wanda ya yi shewa. Can Shuɗi ya ce, "Wallahi Wazza ba zai iya wannan ba. Da tuni ya bi 'yan tsokanar nan tun minti goma na farko." Tipene ya ce shekararsa takwas a wasan nan bai ga an riƙe ƙofa haka ba.

Na cire abin kunnen na kifa kai a tebur na yi kuka. Ranar rumfar mota ban yi ba, ranar jana'izar Kelvin ban yi ba, yau na yi a kan jirgin ƙarya. Ban tuna ranar da aka ce na iya wani abu ba.

Litinin, 8 ga Yuli, rana

Wata takwas ɗinsa na ƙasan teku. Gobe Talata.

Talata, 9 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Duk hanya ina shirya labarin. Zan fara da ashirin da sha huɗu, in zo kan ginshiƙin da na karya, in ajiye nutsewar a ƙarshe inda za ta yi kyau. Da na zauna na ga ƙeyarsa sai komai ya watse. Na ce, "Waz, Beryl ta nutse."

Ya juyo. Ba ido kaɗai ba, da kujerar gaba ɗaya.

"Wa ya tuƙa?"

Muryar ta dushe, kamar an buɗe tsohuwar ƙofa. Na riƙe gefen tebur.

"Ni."

"Ke?" Ya kalle ni sama da ƙasa. "Cikin iska kika juya ta, ko?"

Na buɗe baki zan ce a'a. Zan gaya masa mashigar, da igwa sittin, da abin da Shuɗi ya ce. Sai na ga fuskarsa. Jini ya dawo mata, jira yake in ce e. In na faɗi gaskiya, na gaya masa ke nan an yi babu shi, an ma fi kyau babu shi, sai ya ce to, ya koma tagarsa.

Na ce, "E."

"Noels! Sau nawa kika ji ina faɗa ta bango? Ba a ratsa iska da ita!"

"Na manta."

"Sai suka zagayo ta baya?"

"Ni na ba su bayan ma. Wani ƙarami ya harbe ni, na bi shi."

"Kika bi shi! Da Beryl! Ina Tipene yake yana kallo?"

"Ya ce in tsaya, ban ji ba. Kuma tun daga nesa na harbe igwoyin duka, na zaci suna kaiwa."

Ya dafe kai da hannu biyu. Ya jawo kofin robarsa, da nawa, da kwalin tishu, ya jera a tebur. Wannan ke ce, wannan iska, wannan Bajamushe. Minti goma sha takwas yana yi, na duba agogon bango. Duk sanda ya fara lafawa sai in ƙirƙiro wata sabuwar wautar in jefa masa, ya sake tashi. Ma'aikaciyar jinya ta tsaya a bakin ƙofa da hannu a baki, ta ruga ta kira likitar, su biyu suna leƙe suna murmushi kamar an yi haihuwa.

Bai tambayi Nugget ba. Bai tambayi wa ke faskara min itace ba, ko yaya nake barci a gidan ni kaɗai. Da lokaci ya cika na miƙe, ya riƙo hannun rigata ya ce, "Ki zo da takarda da fensir ran Talata. Daga farko zan koya miki, ba ki san komai ba."

A wurin ajiye motoci na kira Tipene. Na ce ya yi magana. Na ji ya ja numfashi. Na ce, "Saurara. In ya dawo, ni na kashe Beryl da wauta. Na juya cikin iska, na bi ƙaramin jirgi. Ka gaya wa Shuɗi da sauran."

"Anti, mutum sha huɗu sun ga abin da kika yi."

"To mutum sha huɗu su yi shiru. Ai kun iya."

Na tsaya a Huonville na sayi fensir biyu da littafi mai layi. Ran Talata zan zauna a gabansa in yi kamar ban sani ba, in riƙa tambaya, in riƙa kuskure a inda ya dace. Ba zai yi min wuya ba, na daɗe ina yi.